Jarumin Roba Ya Samu Mai Hoto, Dokin Kara Bai Samu Ba

A watan Afrilun 2025 wani yayi ya mamaye shafukan sada zumunta. Mutum zai miƙa wa manhajar ChatGPT hotonsa, ita kuma ta mayar da shi ɗan mutum-mutumin roba a cikin kwalin sayarwa, ga sunansa a sama, ga kayan aikinsa jere a gefe: likita da abin sauraron ƙirjinsa, lauya da hular gashinsa, ma'aikacin banki da kwamfutarsa. Ma'aikatanmu ma sun shiga sahu. Abin mamakin shi ne, mutanen da za su sheƙe da dariya in suka ga magidanci durƙushe yana ɗaukar hoton kayan wasa, su ne suka yi layi domin a zuba su cikin kwalin kayan wasa. Kwalin kuwa na Amurka ne, tsayuwar ta Amurka ce, har murmushin da na'urar ta liƙa musu ba irin namu ba ne.

Wannan yayi ya wuce, amma ya bar tambayar da ta cancanci a zauna a kanta. Akwai wata sana'a a duniya, ta tsayar da ƙananan jaruman roba masu gaɓoɓi a ɗauke su hoto kamar masu rai. 'Yan bokonmu sun rabu biyu a kanta. Wasu na ganin ta shiririta ce ta wanda ya ƙi girma. Wasu kuma sun rungume ta, suna sayo Batman da Spider-Man suna jerawa a falo. Ni ina ganin ɓangarorin biyu sun yi kuskure iri ɗaya: babu wanda ya waiwayi abin da yaran Saulawa ta ƙaramar hukumar Ikara, da na ƙauyukan Makarfi da Kudan, suke ƙerawa da hannunsu duk kaka, ya lalace kafin damina ba tare da kowa ya ɗauke shi hoto ba.

Masu cewa wasan yara ne

Bari mu fara da masu raini, domin su ne suka fi yawa. Ya kamata su san yadda aka haifi jarumin roba. A shekarar 1964 kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da wani sojan roba mai suna G.I. Joe, tsayinsa inci 12, gaɓoɓinsa na lanƙwasuwa. Kamfanin ya san iyaye ba za su saya wa ɗa namiji 'yar tsana ba, sai ya ƙi kiransa da wannan suna, ya ƙirƙiro masa sabon laƙabi mai nuna jarumta da motsi. Wato tun ranar suna dabarar kasuwa ce ta raɗa masa suna. A 1977 fim ɗin Star Wars ya fito, George Lucas kuma ya riƙe haƙƙin kayan wasan da za a ƙera daga fim ɗin. Daga 1978 kamfanin Kenner ya fara sayar da ƙananan jarumansa, aka gane cewa roba na iya kawo kuɗin da ya kai na tikitin silima. Daga nan lissafi ya juya. Kamfanin Mattel ya fito da He-Man a 1982, sannan aka shirya masa zanen talabijin a 1983. Abin sayarwa ne ya riga labari zuwa duniya, labarin ya biyo baya domin ya yi masa talla. Kamfanin Disney ya sayi Marvel a 2009 kan kimanin dala biliyan 4, ya sayi Lucasfilm a 2012 kan kusan wannan adadi. Ba wanda ke zuba irin wannan dukiya a kan shiririta. Abin da suka saya shi ne ikon zaɓa wa yaran duniya wanda za su kira jarumi.

Ɗaukar hoton ma tana da asali. A 1977 wani Ba'amurke mai suna David Levinthal, tare da Garry Trudeau, ya wallafa littafin hotuna mai suna Hitler Moves East, inda ya sake gina mamayar da Jamus ta kai wa Tarayyar Sobiyet a 1941 da sojojin wasan yara a kan tebur. Hotunan sun fito dishi-dishi, kamar waɗanda wani ɗan jarida ya ɗauka a fagen daga yana gudun ceton rai. A 2019 gidan adana zane-zane na Smithsonian da ke birnin Washington ya shirya baje kolin ayyukansa. Abin da Levinthal ya nuna shi ne, ido na yarda da abin da kyamara ta gaya masa, ko da abin bai kai tsawon yatsa ba.

Tasirin abin wasa a zuciyar yaro ma an gwada shi. A shekarun 1940 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, baƙaƙen fatar Amurka, Kenneth Clark da matarsa Mamie, sun riƙa ajiye wa yara baƙaƙe 'yan tsana farare da baƙaƙe, suna tambayarsu wacce ce kyakkyawa. Mafi yawan yaran suka nuna farar. Kotun ƙolin Amurka ta ambaci binciken Clark a hukuncinta na 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata. Duk wanda ya ce abin da ke hannun ɗansa wasa ne kawai, to bai san cewa a nan ake fara koya wa yaro wane ne mai kyau, wane ne mai ƙarfi, wane ne kuma ɗan kallo ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kamfanonin nan kuwa sun fi mu riƙo da wannan karin magana.

Masu sayen na waje

Ɓangare na biyu sun fi na farko wayewa, amma laifinsu ya fi ciwo, domin su sun san darajar abin. Suna da kyamara, suna da waya mai tsada, sun san haske da inuwa. Sai dai duk wannan gwaninta ana kashe ta ne a kan jarumin da aka zana a Amurka, aka zuba a masana'antar Sin, aka yi masa dubban hotuna kafin ya iso Kano. Hotonka na Iron Man, komai kyansa, ɗigo ne a cikin kogin da ya riga ya cika. Kamfanin ya samu talla kyauta, kai kuma ka samu 'yan yabo daga baƙin da ba za su tuna sunanka gobe ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga wata hanya. A ƙarshen 2015 wata matashiya 'yar Ilori, Haneefah Adam, ta buɗe shafi a Instagram mai suna Hijarbie. Ta ɗauki 'yar tsanar Barbie, ta ɗinka mata hijabi da dogayen riguna da hannunta, ta tsayar da ita ta ɗauki hoto. Cikin 'yan watanni manyan kafafen yaɗa labarai na duniya suka ɗauki labarinta. Sai a ƙarshen 2017 kamfanin Mattel ya sanar da Barbie ta farko mai hijabi, a siffar 'yar wasan takobi Ibtihaj Muhammad. Jarinta allura ne da zare da ƙyallaye da kyamara, amma ta riga kamfanin da kansa. Kafin ita, a 2007, Taofick Okoya ya fito da 'yan tsanan Queens of Africa a Legas, cikinsu har da wadda aka yi wa shigar Hausawa aka sa mata suna Azeezah. Abin lura a nan: 'yar tsanar da ke wakiltar Bahaushiya a kasuwar duniya, ɗan Legas ne ya yi tunaninta. Ba laifinsa ba ne, yabo ma ya cancanta. Tambayar tamu ce: mu ina muke?

Abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu

Wanda ya tashi a ƙasar Zazzau ta arewa ya san abin da ke faruwa bayan an yanke dawa da gero. Kara ya cika gari. Yaro zai feƙe ɓawon karan ya fitar da siraran tsinke, ya yayyanka cikinsa mai laushi, ya riƙa soka wannan cikin wancan. Da haka ake yin mota mai ƙafafu masu juyawa, da babbar motar ɗaukar kaya, da tabarau, da jirgin sama, da doki da mahayinsa. A bakin rafi ko kududdufi ana murza yumɓu a fitar da sa mai tozo da ƙaho, da raƙumi, da tukwanen girki ƙanana. Daga gwangwanin madara da waya da tsohon silifa ake haɗa motar da ake tuƙawa da dogon sitiyari. 'Yan mata na da 'yar tsanarsu ta kara da tsumma, a yi mata kitso, a yi mata aure da gara da kayan ɗaki. Yara maza kuma su hau dokin kara su yi hawan sallarsu, da sarkinsu da dogarawansu.

A dubi wannan da idon mai sana'a. Jarumin roba yana da gaɓoɓi domin a iya tsayar da shi. Dokin da aka harhaɗa da tsinken kara shi ma ana iya karkata wuyansa, a ɗaga ƙafarsa ta gaba. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne, yaron birni an miƙa masa jarumi da labarinsa a gama, aikinsa kawai ya maimaita abin da ya gani a talabijin. Yaron Saulawa shi ne mai zane, shi ne injiniya, shi ne mai ba da labari. Motar da yake ƙerawa ita ce wadda ya gani tana lodin rake a Makarfi ko kwandunan tumatir a Hunkuyi, har da yadda kayan ke rinjayar ta gefe guda. Abin wasansa shaida ce ta zamaninsa. Wanda ya tara hotunan motocin kara na shekara talatin zai ga tarihin sufurin yankin a cikinsu, daga a-kori-kura zuwa tirela zuwa A Daidaita Sahu.

Amma ba wanda ya tara. Kara gara ke cinye shi, yumɓun da ba a gasa ba ruwan farko ke narkar da shi. Robar Sin mai araha ta shiga kasuwannin ƙauye, wayar hannu ta shiga aljihun yayye, kuma yaron da ya samu motar roba mai ƙara ba zai zauna feƙe kara ba. Sana'ar da ba a rubuta ta ba, ba a ɗauke ta hoto ba, in tsara ɗaya ta tsallake ta, ta tafi ke nan. Mu da muke da kyamarar da za ta adana ta, mun juya mata baya muna ɗaukar Batman.

Jiharmu ta taɓa ganin irin wannan sakaci. Wajen shekarar 1943, a yankin Jama'a da ke kudancin Kaduna ta yau, an tono wani kan mutum na gasasshen yumɓu a wurin haƙar kuza. Wanda ya same shi ya kafa shi a gonar doyarsa domin korar tsuntsaye. Sai da ya kai hannun Bernard Fagg a Jos aka gane cewa yana cikin abin da yanzu duniya ke kira fasahar Nok, mai shekaru sama da 2,000. Yau wasu daga cikin irin waɗannan sassaƙe-sassaƙe suna birnin Paris, bayan an fitar da su ta ɓarauniyar hanya. Ba ina cewa san yumɓun yaron Kudan Nok ba ne. Ina cewa halin bai canja ba: abin hannunmu ba ya yin daraja a idonmu sai baƙo ya ɗauke shi hoto ya sa masa lamba.

Maganar addini

Akwai hujja guda da ba za a yi mata dariya ba, ita ce ta masu tsoron kada a faɗa cikin yin gumaka. Lamarin ba ƙarami ba ne a wurinmu. A 2021 hukumar Hisba ta Kano ta hana masu shaguna da teloli amfani da mutum-mutumin tallar tufafi. Malaman mazhabar Malikiyya sun yi hani ga siffar abu mai rai idan tana da jiki mai inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika. Saboda haka magidancin da ya cika kabad da cikakkun siffofin mutane na roba yana da tambayar da ya kamata ya kai wa malaminsa, ni kuma ba zan amsa masa ita ba.

Sai dai su malaman nan ne kuma suka keɓe 'yan tsanan yara daga hanin. Ya zo a Bukhari cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa cikin kayan wasanta har da doki mai fukafukai. Alƙali Iyad, babban malamin Malikiyya, yana cikin waɗanda suka kafa hujja da wannan wajen halatta 'yan tsana ga yara mata. Mota da jirgi da rumbu da tukunya kuwa ba su da rai, babu saɓani a kansu. Idan aka auna da wannan ma'auni, motar kara da 'yar tsanar tsumma marar fuska sun fi jarumin roba mai cikakkiyar sura nisa da wurin shubuha. Abin takaici shi ne, gidan da ake tsawata wa yaro don ya murza san yumɓu, sau da yawa shi ne gidan da aka sayo masa Spider-Man daga Dubai. Wannan ba tsantseni ba ne, raina na gida ne aka sa masa rawani.

Yadda ake yi

Aikin ba ya bukatar kayan miliyoyi, wayar da ke hannunka ta isa. Sirrin farko shi ne ka sauko. In ka ɗauki dokin kara daga tsaye, abin wasa za ka samu a kan ƙasa. In ka kwantar da wayar har idon kyamara ya yi daidai da idon dokin, ko ya ɗan yi ƙasa da shi, sai ya zama ingarma, kunyar gona ta zama tudu, gonar rake ta zama dajin da ba a ratsawa. Na biyu, ka matso kusa da abin, ka bar tazara mai yawa tsakaninsa da abin da ke bayansa. Bayan zai yi dishi-dishi, ido ya tsaya inda kake so. Na uku, haske. Ranar tsaka tana kashe hoto, domin inuwa na taruwa a ƙarƙashin abu ta baje siffarsa. Hantsi da la'asar sakaliya su ne lokacin aiki, sa'ad da haske ke zuwa ta gefe yana fito da kowane zare na ɓawon kara. Hazon hunturu, wanda masu hoton Turai ke sayen injin hayaƙi don su kwaikwayi irinsa, mu kyauta yake sauko mana, kuma a daidai lokacin da kara ya wadata.

Sai tsayuwa, wadda ita ce zuciyar sana'ar. Abu mai rai ba ya raba nauyinsa daidai a kan ƙafafunsa. Doki mai sukuwa wuyansa na miƙe, mahayin na karkace gaba. Wanda aka ja wa linzami a gaban sarki ƙafafun bayansa ne ke ɗauke da shi. Siririyar waya da aka soke a ƙasa za ta riƙe ƙafar da ke sama, ɗan yashin da wani ya watsa daidai lokacin ɗauka zai zama ƙurar kofato. Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli jafi a ƙofar fadar Zazzau ba, ba zai iya tsayar da dokin nan daidai ba. Ilmin da ake bukata yana wurinmu, ba ya cikin littafin kowane kamfani. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu. 'Yan lifida da 'yan sulke da masu kakaki sun isa su cika kabad ɗin kowane mai tara jarumai, amma har yau yaranmu sun fi sanin kayan yaƙin Batman a kan sunayen kayan doki.

Akwai kuma ladabin aikin. Abin da yaro ya ƙera nasa ne. A nemi izinin iyayensa, a biya shi in an karɓi kayansa, a rubuta garin da shekarar da abin da aka yi amfani da shi, da sunan da yaran ke kiran abin. Kada a mayar da aikin hotunan tausayi irin na ƙungiyoyin agaji, inda ake nuna yagaggiyar rigar yaro domin a tara kuɗi. Gwanintarsa ake son nunawa, kyamara ta tsaya kan abin da ya ƙera.

Wa ya kamata ya yi?

Zariya na nan kusa da Makarfi da Kudan, kuma a can ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta ƙi yarda a koya musu zane kamar su Turawa ne, suka ce sai an haɗa dabarar zamani da fasahar gida. Sashen da ya gaji wannan tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello zai iya tura ɗalibansa ƙauyukan Ikara kaka ɗaya kacal, su dawo da taskar da babu irinta. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aikinsa adana tarihi ne, zai iya karɓar ta. Malamin firamare a Saulawa zai iya ware rana guda bayan girbi, yara su kawo abin da suka ƙera, a jera a ɗauka. Rumbun hotuna na Wikimedia Commons a buɗe yake ga kowa, gasar Wiki Loves Africa ma ta taɓa keɓe shekarar 2019 ga wasanni. Ma'aikacin da ke zuwa gida hutun ƙarshen shekara da waya mai kyamara uku ba shi da uzuri ko kaɗan.

Na'urar da ta zuba ma'aikatanmu cikin kwalin Amurka ba ƙiyayya take yi da mu ba. Abin da aka ciyar da ita shi take amayarwa, an kuwa ciyar da ita hotunan jaruman roba ba adadi, na dokin kara kuma ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Jikokinmu za su tambayi irin waɗannan na'urori yadda yaran Hausa suke wasa a da, amsar da za su samu kuma ta dogara ne kan abin da muka ɗauka muka ajiye yau. Kaka na tafe, kara zai cika gari, yara za su zauna gindin bishiya da reza da tsinke. Wanda ya je gida ya sauke girman kai, ya durƙusa a kan ƙasa, ya daidaita wayarsa da idon dokin.